Baƙin biki da ba sa cin nama: dan Allah kar a tsame kaza kawai

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sanya alheri ya kai mu lokacin lafiya. Na ga tambayarki, kin ce bikin ƙaninki ya matso kuma abokan aikinsa 'yan Indiya kusan 10 za su zo dina, ba sa cin nama, me za a ba su. Na kuma ga masu cewa a zuba musu jalof ɗin kowa a tsame kazar kawai. Dan Allah kar ki yi haka, ni na taɓa yi kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Bikin ɗan yayata ne, yana aiki a wani kamfani a Sharaɗa nan Kano, manyansa 4 suka zo har da matar ɗaya, ni ce kan girki. Na zuba jalof na cire kaza na ƙara musu salak ina ganin na gama komai. Matar nan ta kai cokali kusa da baki sai ta ajiye, ta tambayi yarinyar da ke rabo a hankali ko da ruwan nama aka dafa, to kuwa da romon kaza muka dafa. Kankana da ayaba suka ci suka sha ruwa suka tafi suna ta godiya, ko a fuska ba su nuna ba. Da daddare muna wanke kuloli yayata ta ce min, ke in kika je bikin wasu aka tsame naman alade daga shinkafa aka miƙo miki za ki ci? Wallahi jikina ya yi sanyi. Da yawansu abin addini ne a wurinsu, yadda muke kiyaye namu haka suke kiyaye nasu, wanda ya zo taya ka murna kuwa amana ne har ya tashi.

Don haka tun yanzu ango ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya, don ba iri ɗaya ba ne. Akasarin 'yan Hindu da ba sa cin nama ba sa cin kifi da ƙwai ma, amma suna shan nono da madara, man shanu kuwa abincinsu ne sosai. In akwai mabiyin addinin Jain a ciki shi ko albasa da tafarnuwa da dankali da karas ba ya ci, da ire-irensu masu saiwa da ake tonowa a ƙasa. Wasu kuma ko nono da zuma ba sa taɓawa. Wani zai ce miki shi naman shanu ne kawai ba ya ci, kinga wannan ya hutar da ke.

Abincin kam muna da shi fal, mu ne dai muke raina shi a biki. Dambun shinkafa da zogale da gyaɗa. Waina ko sinasir da miyar taushe, kabewa da alayyahu da yakuwa da gyaɗa da 'yar daddawa kaɗan, ba ƙashi ba romo, in gyaɗar ta ji ba mai neman nama a ciki. A wani bikin da na yi bayan nan wani daga cikinsu ya ga waina ya yi ta murna, ya ce a kudancin Indiya suna da irinta ta shinkafa a tanda mai gurabu, sai da ya ƙara sau biyu. Shinkafa da wake da mai da yaji ma sun saba da irinsa kuma ba sa tsoron yaji. A madadin nama ki soya awara ki juya ta a attaruhu da tattasai da albasa, ta yi kyau a faranti. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, kunun aya, zoɓo, fura da nono, alkaki da nakiya duk sun shiga.

Inda ake faɗawa shi ne abin da ido ba ya gani. Soyayyar shinkafa da hanta a ciki, alale da ƙwai da kifi, samosa da niƙaƙƙen nama, Bama ɗin salak da ƙwai ake yin ta, kek da cincin ma yawanci akwai ƙwai. Ɗanɗanon girki mai hoton kaza ki ajiye shi gefe, ki karanta jikin kwalin wanda za ki sa. Sannan mai, kar a soya awara a man da aka soya kaza, ki buɗe sabo, tukunya daban ludayi daban, kuma a fara yin nasu da safe kafin a ɗora nama, don in hayaniyar girki ta kankama sai wata ta tsoma ludayin farfesu a miyarki ba da gangan ba. In masu kwangilar girki za ku ba, ki zauna da mai girkin da kanki ki faɗa mata baki da baki, kar ki tura saƙo.

Ki dafa na mutum 30 ba 10 ba. Iyayenmu da likita ya hana jan nama suna nan a kowane biki suna tura faranti gefe shiru, da sun hango dambu da taushe can za su nufa, matasa ma haka za su wawashe awarar. Ki cire na baƙin a kula mai kala daban ki ɗaure da ƙyalle, ki ba mutum ɗaya mai natsuwa ya riƙe, shi zai kai teburinsu ya gaya musu abin da ke cikin kowane kwano. In kina so gobe in rubuto miki yadda nake haɗa taushen da awon gyaɗa da kabewar.