Amsa ga mai neman inda zai ga tsuntsayen gulbi a Sakkwato

Malam, ka ce ka je bakin gulbi a watan Agusta ba ka ga komai ba sai balbela, shi ne kake tambaya ko akwai wani wuri na musamman da ake zuwa. Wurin da ka je ba shi da laifi, lokacin ne bai yi ba. A tsakiyar damina ruwa ya malale ko'ina, kowane kududdufi da kwaɗinsa da ƙananan kifinsa, ciyawa kuma ta yi tsawo. Tsuntsayen suna nan, sun dai watsu ne. Ka bari sai ruwa ya fara janyewa ya tara maka su.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ka bi hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ka sauka Kwalkwalawa, inda titi ya ratsa fadamar Rima, wurin da ambaliyar 2010 ta yanke hanyar. Ka isa bayan sallar asuba, kafin masu ban ruwan albasa su tayar da injinansu. Hazo yakan hana ganin nesa, amma ba ka bukatar nesa. Nemi gindin wata bishiya kusa da ragowar ruwa ka zauna. Wanda zai fara tona maka asiri shi ne zakaran ƙeƙuwa: da ya hango ka zai tashi yana ƙara yana kewaya kanka, sauran duk su ɗaga kai. Kada ka motsa. In ya gaji ya sauka, kowa zai koma kiwonsa. A nan za ka ga zalɓe tsaye cikin ruwa, wuya a lanƙwashe, sai ka rantse barci yake, can sai ya cake kifi ya juya shi ya haɗiye ta wajen kai. Inda akwai bado kuma ka duba wani jan tsuntsu mai dogayen yatsu da ke taka ganyen yana tafiya ba ya nutsewa. Ni shi na fi so in kalla.

A wannan lokacin ne baƙi suke nan. Ƙananan agwagin ruwa da tsuntsayen bakin laka masu dogayen ƙafa, da wani ɗan rawaya mai kaɗa wutsiya da ke bin sawun shanu, da yawansu daga Turai suke ƙetaro hamada wajen Oktoba, su koma a Maris ko Afrilu. Na gida kuwa, kirinjijiya da feɗuwarta za ka gane ta tun kafin ka gan ta, musamman dab da magariba.

Da bazara zafi ne kawai matsalar. Ruwan da ake sakowa daga madatsar Goronyo yana riƙe Rima, kuma duk abin da ke da fiffike sai ya zo sha, har kurciya da hasbiya. Tafkin Kware ma ba nisa. Wajen Mayu ka ɗaga kai ka nemi shamuwa, wadda ta yi rani a kudancin Afirka. Ita ba sai ka je gulbi ba, cikin ƙauye take sheƙa kan manyan itatuwa, kuma ba mai taɓa ta don manoma sun san ruwa ya kusa.

Gauraka kada ka sa rai. Dattawa suna ba da labarin garkenta a fadama, yanzu kuwa ganinta sai babban rabo. Jan baki dai ba ya ƙaranci in shinkafa ta fara nuna, sai dai kar ka yaba kyan tashinsu a gaban mai gonar da ya wuni yana kaɗa gwangwani.

Madubin hangen nesa yana da amfani, amma rashinsa ba ya hana farawa. Ka sa tufa marar haske, ka yi wa masu gona da masunta sallama ka faɗa musu abin da ya kawo ka, don a wannan zamani baƙo mai ɗaukar hoto a bakin gulbi abin tuhuma ne. Su ne ma za su nuna maka inda dinya ke sauka. Goronyo da gabashinta kuma ka tambayi mutanen wurin halin da hanya take ciki kafin ka tashi.