Tambaya da Amsa: Mun sauya sarba, bayan mako guda zanen Zabbix ya tsaya cak

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki a Tahoua, a wani ƙaramin kamfani mai raba intanet ga biro-biro da kantuna. Da manhajar Zabbix muke lura da eriyoyinmu da na'urorin da ke kan hasumiya. Wanda ya kafa mana shi ya raba teburan tarihi yanki-yanki, kowace rana da nata, kuma ya bar aiki tun bara. Kwana goma da suka wuce muka ƙaura zuwa sabuwar sarba, daga MySQL (baz ɗinmu, wato rumbun da Zabbix ke ajiye bayanai) 5.7 zuwa 8.0, daga Zabbix 5.0 zuwa 6.0. Mako guda komai lafiya. Ranar Litinin na tarar duk zane ya tsaya da ƙarfe ɗaya na dare, log cike da kuskure mai lamba 1526, diski kuma, da ma a matse yake, ya kai kashi 90. Wani da patron ya kira ya ce partisiyo, wato wannan rabon yanki-yanki, ita ce ta lalata baz ɗin, a cire ta a kunna housekeeper, mai share tsohon tarihi na cikin Zabbix. Patron kuma yana so mu hau Zabbix 7.0 kafin ƙarshen wata. Kwana biyu ban runtsa ba. Tarihin shekara uku ya tafi ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, tarihinka yana nan. Kuskure 1526 ba lalacewa ba ce: MySQL ce ke cewa an kawo mata layi, ta duba lokacinsa, ba ta ga yankin da za ta saka shi ba. Asarar da ka yi ita ce ta awannin da suka wuce tun daren Litinin, waɗannan kam ka fidda rai da su, kuma kowace awa ka ƙara jira tana bin sahunsu. Saboda haka kafin ka gama karanta wannan amsa, buga SHOW CREATE TABLE history_uint, ka ga inda yankin ƙarshe ya tsaya, ka ƙara na kwana goma sha huɗu da ALTER TABLE ... ADD PARTITION. Yanki maras komai ba ya ɗaukar lokaci. Ka yi haka ga history, history_uint, history_str, history_text da history_log, sannan ka leƙa trends da trends_uint, teburan taƙaitaccen tarihi na awa-awa, don galibi wata-wata ake yanka su, nasu wa'adin yana nan tafe. Ƙarfe ɗayan da ka gani ma ba asiri ba ne. Da agogon UTC aka yanka iyakokin, mu kuma a Nijar muna gabansa da awa guda.

Yanzu ga abin da ke ci mini rai, don kusan kowane wata sai na ji labarin nan, a Yamai ne ko a Maraɗi, suna kawai ke sauyawa. Mutane sun ɗauka raba tebur aiki ne na sau ɗaya, kamar zuba dakali: an yi, ya bushe, an wuce. Sun ɗauka kuma Zabbix ya san da zaman yankunan, shi ke kula da su, in an yi mizajur, wato hawa sabon fitowa, zai kwashe su ya tafi da su. Ba haka ba ne ko kaɗan. A kan MySQL, Zabbix bai san an raba teburinsa ba, turo layi kawai yake yi. MySQL ita ma ba ta ƙirƙiro yankin gobe da kanta. Ka ɗauki littafin bashi na mai kanti wanda kowace rana take da shafinta. Dole wani ya zauna da dare ya ja layin shafin gobe, ya yage mafi tsufa. A wurinku wani ɗan sikirif ne, wato ɗan jerin umarni da na'ura ke bi da kanta, ke wannan aiki shekara uku ba wanda ya san da shi, ko dai a cron na tsohuwar sarba, mai tayar da aiki a kan lokaci, ko a cikin baz ɗin kanta a matsayin event (aiki mai tashi a kan lokaci) mai kiran procedure (umarnin da aka ajiye a baz). Kun kwashe littafin, kun bar yaron da ke jan layi a tsohon kanti. Ya riga ya ja muku shafi bakwai, kuka cinye su, kuka ɗauka ƙaura ta yi kyau.

In da mysqldump, mai kwafe baz zuwa fayil, kuka yi ƙaurar, na san ma ta inda aka zube shi. Idan ba a rubuta --routines da --events ba, mysqldump yana kwashe tebura da yankunansu tsaf, ya bar procedure da event a baya, kuma ba zai ce maka uffan ba. In kuma a cron yake, ai ba wanda ke tuna crontab ranar ƙaura. Cikar diskin ma daga nan take, tun da mai jan shafin gobe shi ne mai yage na jiya.

Abin da ya sa nake kiran wannan fahimta mai hatsari shi ne ba ta nuna kanta ranar da aka yi kuskuren. Ranar ƙaura kowa ya duba, zane na tafiya, patron ya sa hannu a takarda, an biya wanda za a biya. Sai bayan mako guda, tsakar dare, lokacin da ba mai kallo. Na taɓa zuwa wani biro a nan Yamai na tarar na'urar lura ta yi kwana tara ba ta rubuta komai ba, allon yana nan kunne a bango, kowa na wucewa ta gabansa. Mai gadi ya yi barci, kuma ba a sa kowa gadin mai gadi ba.

Shi kuwa mai ba da shawarar a cire partisiyo, ka tambaye shi cikin ladabi: a ina zai ajiye teburin yayin da ake sake gina shi? REMOVE PARTITIONING sabon tebur yake ginawa, ya kwafe kowane layi a ciki, kafin ya saki tsohon. Yana son fili kwatankwacin girman teburin, kai kuma kashi 10 ya rage maka. Diskin zai cika ana tsakiyar aiki, in ma kuran bai riga shi yankewa ba. A ce ma ya yi nasara, me aka samu? Housekeeper da DELETE yake share tarihi, layi-layi. Na'urorin da ke turo ƙima 200 a daƙiƙa suna tara layi miliyan 17 da ɗoriya a rana, don daƙiƙa 86,400 ke cikin yini. Sai an bi su an goge, baz na nishi, kuma InnoDB, injin ajiya na MySQL, ba ta mayar wa diski filin da aka share, fayil ɗin yana nan da girmansa. DROP PARTITION kuwa fayil ɗin ranar yake ɗaukewa ɗungurungum. Don gudun wannan wahala aka raba teburin tun farko. Irin waɗannan masu gyara, da sun ga abin da ba su gane ba sai su ce a rushe, kuɗin rushewa daban, na sake gini daban. Na gaji da bin bayansu.

To, ka je ka nemo sikirif ɗin. Kada ka bari a goge tsohuwar sarba. Duba crontab na root, da /etc/cron.d, da /etc/cron.daily, a cikin MySQL kuma SHOW EVENTS da SHOW PROCEDURE STATUS. Amma in ka same shi, ko ka ɗauko wani daga intanet, kada ka kunna kafin ka karanta. A nan ne tarihin shekara ukun zai iya tafiya da gaske. Da zarar an raba tebur, adadin kwanakin da ke cikin sikirif shi ne doka, abin da ka rubuta a shafin Zabbix ba ya hana shi komai. Idan sikirif ɗin ya ce a riƙe trends wata goma sha biyu, a tashinsa na farko zai zubar da shekara biyu, kuma DROP PARTITION ba ya da ROLLBACK, wato ba komawa baya. Ka ɗauki kwafin ajiya tukuna, a wani diski dabam, ka gwada dawo da shi a wata na'ura ka gani da idonka. A wasu sikirif ma lamba ɗaya tana nufin kwanaki a history, watanni a trends, sai ka lura.

A shafin Housekeeping ka bar na history da trends a kashe, na events da sessions da audit a kunne. Ka daidaita kwanakin da Zabbix ke zaton yana da su da na sikirif, in ba haka ba zane zai nemi tarihin da aka riga aka zubar ya nuna maka fili.

Maganar 7.0, ka ce wa patron ba wannan watan ba. Akwai aiki biyu a gabanta. Tun 6.0, wadda ta fito a Fabrairun 2022, teburan tarihi suna da primary key, mabuɗin da ke bambanta kowane layi, a kan ginshiƙan itemid, clock da ns, amma ga wanda ya kafa Zabbix sabo kawai, wanda ya taho daga 5.0 da hannu zai yi. Fayil ɗin history_pk_prepare.sql yana sauya wa tsofaffin tebura suna ya ƙirƙiro sababbi, kuma sababbin ba rababbu ba ne. Sai ka yanka su tun suna wofi kafin ka zuba musu tarihi, don yanka cikakken tebur kwana ne a biro. MySQL na son ginshiƙin da aka raba da shi ya kasance cikin kowane mabuɗi na musamman, clock kuma, ginshiƙin lokaci da ake raba teburin da shi, yana ciki, nan babu matsala. Na biyu, 7.0 ta 2024 ta zo da sabon tebur, history_bin, wanda tsohon sikirif bai san sunansa ba. Wanda bai ƙara shi ba, housekeeper a kashe, ba mai share teburin. Wasu za su ce maka ka bar MySQL ka koma wani baz, PostgreSQL da TimescaleDB, inda Zabbix da kansa ke zubar da tsofaffin yankuna. Gaskiya ne, amma wata ƙaura ce cikakkiya, ba maganin wannan makon ba. Duk wanda za ka yi cikin waɗannan, ka tabbata batirin ondilar da man grup za su kai ka ƙarshensa.

Abu ɗaya nake so ka yi yau bayan ka ƙara yankunan. Ka sa Zabbix ya riƙa tambayar information_schema.PARTITIONS kowace rana, ya lissafa kwana nawa suka rage kafin iyakar ƙarshe, in sun gaza biyar ya buga maka waya. Sannan ka rubuta a takarda guda inda sikirif yake, ƙarfe nawa yake tashi, kwana nawa yake riƙewa ga kowane tebur, ka manna a jikin akwatin sarba, ka ba patron kwafi ya sa a dosiye. Wanda ya gabace ka bai yi ba, shi ya sa ka kwana biyu ido buɗe. In ka samo sikirif ɗin, turo mini shi tare da abin da SHOW CREATE TABLE trends_uint ya nuna, mu duba lambobin tare kafin ka kunna.