Amsa ga mai son aika wa wadda zai aura furanni a Kano

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya sanya alheri, Ya nuna mana lokacin. Ka ce kana aiki a Fatakwal, wadda za ka aura tana Kano, kana son a kai mata ɗanyen furanni cikin watan Afrilu, amma masu sayarwa sun yi maka yawa a Instagram, kowa hotonsa gwanin kyau, farashi kuma ya sha bamban, ka rasa wa za ka tura wa kuɗi.

Ajiye maganar hoto tukuna. Abu biyu za ka fara tambayar duk wanda ka tuntuɓa: furen yana wane gari a yanzu, kuma a cikin me yake ajiye? Amsar nan ita za ta tace maka su.

Ga dalili. Yawancin ros ɗin (furen wardi) da ake sayarwa a manyan garuruwanmu ba a nan ake noma shi ba. Daga Kenya yake zuwa, musamman gonakin da ke kewaye da tafkin Naivasha, wani daga Habasha, wani ta kasuwar Holan, sai ɗan abin da ake samu daga Jos saboda sanyinta. Tun daga ranar da aka yanke shi a gona yake buƙatar sanyin digiri 1 zuwa 4, a mota, a jirgi, a shago. Duk awar da ya yi a wajen wannan sanyi tana cin kwanakinsa. Ros mai kyau, idan an kula da shi, yakan yi kwana 5 zuwa 7 a cikin ruwa. To Kano a Afrilu zafi na haura digiri 40. Furen da aka saka a but ɗin mota daga Abuja, ya sha tafiyar awa shida ko fiye, zai iya isowa da kyan gani da safe, kafin magariba ya sunkuyar da kai. Saboda haka wanda furensa ke cikin Kano, a firij, ya fi maka wanda zai "aiko daga reshenmu na Abuja" komai kyan shafinsa. Idan dole sai daga wani gari, to a sako shi a jirgin sama ko a cikin kula mai ƙanƙara, kuma a samu mai karɓarsa ya datse gindinsa ya ba shi ruwa na awa biyu zuwa uku a sanyi kafin a ɗaura shi.

Ka kuma tambayi yadda suke yi idan an ɗauke wuta. Firij ɗin da ke mutuwa yana tashi ya fi ɗakin esi mai sanyi ɗaya illa, domin furen yakan yi gumi, danshin nan kuma shi ke kawo ɗigo-ɗigo masu launin ruwan ƙasa a kan ganyen furen, wani irin fumfuna ne da ke ruɓar da kan gaba ɗaya cikin kwana biyu. Mai sola ko janareta a tsaye zai gaya maka ba tare da kwana-kwana ba.

Masu sayarwar kashi uku ne, ko da yake a waya duk kamarsu ɗaya. Akwai mai shago da firij da ma'aikatan ɗauri. Akwai mai ɗaurawa a gida, wadda takan yi odar furen idan ta samu ciniki. Cikinsu akwai ƙwararru sosai, sai dai suna buƙatar ka sanar da su kwana huɗu ko biyar kafin ranar. Sai dillali, wanda ba shi da fure ko ɗaya: ya karɓi kuɗinka, ya cire nasa, ya miƙa ragowar ga wani ya haɗa abin da ragowar za ta iya saye. Yawancin manyan shafukan waje masu cewa suna kai fure kowane gari a duniya haka suke aiki. Ba zamba ba ce, amma kai ka biya kuɗin babban dami, ita ƙarami za ta gani, kuma idan an samu matsala kowa zai tura ka wurin ɗan'uwansa. Ni dai shawarata ka tsallake dillali ka nemi mai furen da hannunsa.

Hanyar gane shi mai sauƙi ce, gani ya kori ji. Ka ce a kira ka ta bidiyo a buɗe firij ɗin ka gani. Ka sa a ɗauko ros ɗaya a matsa gindin kansa da yatsu biyu: sabo yana da tauri, wanda ya kwana biyu yakan lotsa. Ka dubi ƙananan korayen ganyen da ke rungume da kan. Idan sun lanƙwashe ƙasa gaba ɗaya sun manne da kara, furen ya tsufa. Ka dubi bakin karan inda aka yanka, ya zama fari ko kore mai haske, ba baƙi mai yauƙi ba, ruwan bokitin kuma ya zama garau. Kan da ya yi ƙanƙanta kamar an fere shi alama ce an yi ta cire ganyen waje da suka lalace don a ɓoye kwanakinsa. Cire biyu ko uku na waje ba laifi ba ne, kowa na yi. Sannan ka tambayi ranar da kaya ke sauka musu a mako. Idan Talata suke karɓa, ranar da za a kai mata kuma Litinin ce, furen da ya kusa mako za a ba ka, gara ka matsar da ranar ko ka canja mai sayarwa.

Kada ka yi oda da "irin na hoton nan". Hoton talla kusan kullum mafi girman samfuri ne, an kuma juyo duk kawunan gaba. Ka rubuta komai a saƙo: irin fure, launi, adadin kara, tsawonsa. Misali jan ros kara 12 ko 24, mai tsawon santimita 50 ko 60. Mai santimita 40 ya fi araha, kansa ma ya fi ƙanƙanta, nan ne bambancin farashin da ya ruɗe ka yakan ɓuya. Wasu kuma sukan ce "kara 20" alhali ros 8 ne, sauran ganye ne da ƙananan fararen furannin ciko. Ka ce adadin ros kawai kake tambaya. Ka ƙara da cewa ba a canja launi ko iri sai an kira ka, domin yawancinsu suna da sharaɗin musanya idan abin da ka zaɓa ya ƙare. Ka kuma tabbatar ɗanye ne. Ana haɗa ros na sabulu da na yadi su yi kyau a hoto, mai saye bai sani ba sai an kai.

Game da irin furen, tunda lokacin zafi ne, zan so ka sassauta a kan ros zalla. Kaneshan da kirisantimam da alstromeriya suna jure zafi, sukan kai kwana 10 zuwa 14 idan ana canja ruwa. Haɗin ros 6 ko 8 da waɗannan yana da cika, kuma idan ros ɗin ya gaji ta zare shi sauran su ci gaba. Tulif da haidiranjiya ka bar su, ba sa shiri da zafinmu ko kaɗan. Lili yana da kyau da ƙamshi, amma ƙamshin yana da ƙarfi ga mai asma ko ciwon kai, garin tsakiyarsa yana ɓata tufafi da launin da ke wuyar fita, kuma guba ne ga kyanwa idan akwai ta a gidan. Wanda ya san aikinsa yakan tsinke wannan garin kafin ya aika.

Ɗaurin ma zaɓi ne. Dami a takarda yana buƙatar a naɗe gindinsa da jiƙaƙƙen auduga ko tishu a saka a leda, kuma tana karɓa sai ta nemi abin da za ta saka shi. Ka sani ko tana da kwalbar fure? Idan ba ka da tabbas, ka biya a haɗa da ita, ko ka zaɓi na kwali wanda ake soke furannin a jiƙaƙƙen koren soso. Wannan ya fi jure hanya, abin da yake so kawai a tsiyaya masa kamar rabin kofi na ruwa a tsakiya kowace rana.

Sai kai kayan, inda aiki mai kyau yakan lalace a minti talatin na ƙarshe. Ka tambaya da me za a kai. Mota mai esi ita ce daidai. Akwatin bayan mashin da rana tsaka tanda ne, buɗaɗɗen adaidaita sahu kuma iska da ƙura da hayaƙi za su daki furen. Ka sa a kai kafin ƙarfe 10 na safe ko bayan la'asar, ka kauce wa tsakar ranar Juma'a saboda rufe hanyoyi. Ka ba da kwatance na gaske, masallaci ko makaranta ko gidan mai mafi kusa, da lambar waya biyu.

Tunda ba a ɗaura aure ba tukuna, gidan iyayenta za a kai, wannan kuma yana son lura. Kada baƙon namiji ya tsaya a ƙofar gida yana kiran sunanta da fure a hannu. Ka shirya da ƙanwarta ko ƙaninta ko aminiyarta su karɓa, ko ka nemi mace ta kai, masu sayarwa da yawa suna da wannan tsari idan an tambaya. Ka kuma tabbatar tana gida a ranar. Son a ba ta mamaki ya sa furanni da dama sun yini a ɗakin maigadi. Katin da za a maƙala, ka rubuta abin da ba za ka ji kunya ba idan Hajiya ce ta fara buɗewa, ka tura rubutun a saƙo, a ɗauko maka hotonsa ka duba sunanta kafin a fita.

Maganar kuɗi. Sunan asusun banki ya dace da sunan kasuwancin, ko aƙalla da sunan mai shi da ka gani a bidiyo. Idan sun ce suna da rajista, ana iya duba sunan kyauta a shafin CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Ka duba hotunan da masu saye suka saka da kansu, ba waɗanda shafin ya zaɓa ba, ka kuma yi hattara da shafin da ya rufe sharhi ko ya sha canja suna. Wanda farashinsa ya faɗi ƙasa da na kowa nesa, ka tuna araha ba ta ado. Kayan da aka sauke daga jirgi da kuɗin waje ba ya yin arahar banza. Da sabon mai sayarwa, ka nemi biyan rabi, cikon idan an turo maka hoton damin da aka gama kafin ya bar shago. Ku yi magana tun farko a kan abin da zai faru idan an makara ko furen ya iso a yamutse: sauyi ne ko mayar da kuɗi, kuma cikin awa nawa za a kai ƙorafi. Farashi yakan tashi sosai a makon 14 ga Fabrairu da lokacin bukukuwan Disamba, Afrilu da sauƙi.

Za a iya yi maka tayin damin kuɗi, wato a nannaɗe takardun naira kamar fure. Ka ƙi. Babban Bankin Najeriya ya lissafa shi cikin wulaƙanta naira, kuma sashe na 21 na dokar bankin ta 2007 ya tanadi ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. Idan kana son ƙari, turare ko littafi sun fi cakulan, wanda zai narke kafin ya isa.

Idan furen ya isa hannunta, ka tura mata wannan bayani, domin ba kowane mai sayarwa ke bayani ba. Ta wanke kwalbar da sabulu, ta cire duk ganyen da zai nutse a ruwa, ta datse santimita 2 zuwa 3 daga gindin kowane kara a karkace da wuƙa mai kaifi, ta saka nan take. Iskar da ke shiga karan da ƙwayoyin cutar da ke taruwa a ruwa su ne ke toshe hanyar shan ruwa har wuyan ros ya karye. Idan an haɗo da ɗan ƙullin abincin fure ta zuba. Idan babu, a lita 1 na ruwa ta sa cokalin shayi 2 na ruwan lemun tsami, 1 na sukari, da rabin cokalin shayi na bilic (ruwan wanke fararen kaya). Ta canja ruwan kullum a wannan zafin, ta sake datsewa bayan kwana biyu. Ta ajiye shi nesa da taga da iskar fanka kai tsaye, nesa da hayaƙin turaren wuta, nesa kuma da ayaba da mangwaro da tumatir, domin iskar da suke fitarwa idan suna nuna tana tsufar da fure da wuri. Wanda ya sunkuyar da kai, ta sake datse shi ta naɗe shi a takarda a miƙe, ta tsoma cikin ruwa mai zurfi na awa biyu a wuri mai sanyi, sau da yawa yakan tashi.