Fitilar mota ta yi hazo: yadda ake gyara ta a gida

Malam, ka ce fitilun motarka sun dushe sun koma rawaya, da daddare ba ka ganin hanya sosai. Murfin nan roba ce, ba gilashi ba. Hasken rana ne ke cinye rufin da kamfani ya shafa masa, ƙurar hunturu kuma ta ƙarasa shi.

Na gyara tawa da hannuna. Ka wanke fitilar da sabulu, ka zagaye gefenta da salatif don kare fenti. Ka jiƙa samfefa mai lamba 800, ka riƙa gogawa a kwance, wato hagu da dama, kana yayyafa ruwa. Za ka ga ruwa mai rawaya yana gangarowa, fitilar ta yi fari kamar madara. Kada gabanka ya faɗi, haka ake so. Sai mai lamba 1500 a tsaye, wato sama da ƙasa, sannan mai 3000, ka bi da man folish.

Inda mutane ke kuskure: ba sa fesa rufin kariyar rana a ƙarshe, bayan 'yan watanni hazon ya dawo. Goge fitila da man goge baki gyara ne na ɗan lokaci. Tina (ruwan tsinka fenti) da fetur kuwa kada ka kusanta, suna lalata robar.

In raɓa ce a ciki ko murfin ya tsage, kai wa bakanike ya duba.