Fatawa: Wai har yanzu ana samun sabbin taurari a sama? Yarda da haka ya saɓa ma Alƙur'ani?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Allah gafarta malam. Ni ɗalibi ne anan Sakkwato ina karatun kimiyya, a aji anka koya muna cewa wai har yau ɗin nan akwai sabbin taurari da ke fitowa daga cikin wani gajimare na iska da ƙura can sararin samaniya, harda hotuna anka nuna muna. Da na faɗa ma yayana sai yace in yi istigfari, Allah ya gama halittar sammai da ƙasa cikin kwana shida, kuma ilimin taurari yanki ne na sihiri. Malam mi ne gaskiya, kuma in na rubuta haka a jarabawa ina da laifi?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah shi yi ma albarka ɗana, shi ƙara fahimta. A taƙaice babu laifi ka karanta, babu laifi ka rubuta, kuma yarda da cewa Allah na halittar sabbin taurari a yanzu bai ci karo da ko aya ɗaya ba. Yayanka kishin addini ne ya sa shi magana, Allah shi saka mai, amma ya haɗa mas'aloli biyu wuri ɗaya.

Bari mu fara da abinda su masanan ke faɗa, don malamai sunce hukunci akan abu yana biyo bayan fahimtar abun. Sunce tsakanin taurari ba fili bane fayau, akwai wasu manyan gajimarai na iskar haidirojin da ɗan hiliyom da ƙura, masu tsananin sanyi, wajen digiri 260 ƙasa da sifiri. Idan wani yanki na gajimaren yayi kauri sosai sai nauyinshi ya fara jawo kanshi zuwa ciki, yana dunƙulewa yana zafi yana dunƙulewa, har tsakiyarshi ta kai kamar digiri miliyan 10, daga nan haidirojin ya fara haɗewa yana komawa hiliyom, wuta ta kama kenan, tauraro ya samu. Kuma ba ɗai-ɗai suke fitowa ba, gajimare guda kan fidda ɗaruruwa ko dubbai.

Kana iya ganin wuri ɗaya da idonka. Lokacin hunturu bayan isha'i, in hazo bai yi yawa ba, ka fita bayan gari inda ba fitilu ka nemi taurarin nan uku da sunka jeru a layi cikin rukunin taurarin da ake kira Jauza'u, gefensu akwai wasu ƙanana a jere, na tsakiyarsu zaka ganshi dishi-dishi. To wannan gajimare ne, nisanshi tafiyar haske ta shekara kusan 1,350, shi ko haske kilomita 300,000 yake ci a daƙiƙa ɗaya. Taurarin cikinshi basu wuce 'yan miliyoyin shekaru ba a lissafinsu, alhali rana sun bata shekara biliyan 4.6. Ita Surayya da muke kira kaza da 'ya'yanta sun bata wajen miliyan 100, itama yarinya ce in an gwada da rana.

To ta ina sunka san sabbi ne? Wani masani ɗan Armeniya, Viktor Ambartsumian, a 1947 ya lura da wasu rukunan taurari da basu riƙe juna da ƙarfi, suna watsewa a hankali, sai yace da tsofaffi ne da tuni sun tarwatse ba'a gansu tare ba, tunda har yanzu suna kusa da juna to basu daɗe da fitowa daga wuri guda ba. Ga kuma manyan taurari masu shuɗin haske da ke ƙone makamashinsu cikin miliyoyin shekaru kaɗan, ganinsu da rai yanzu na nuna ba tun farko suke nan ba. Sannan madubin hangen nesa na James Webb da anka harba sararin samaniya a Disambar 2021 yana kama wani haske da ido baya gani wanda ke ratsa ƙura, sai ga sabbin taurarin nan a lulluɓe cikin gajimaren.

Yanzu batun kwana shida. Gaskiya ne, Alƙur'ani ya faɗa a wurare da dama kuma duk wanda ya musanta ya ƙaryata Allah. Amma ayar cewa tayi Allah ya halicci sammai da ƙasa da abinda ke tsakaninsu cikin kwana shida, bata ce daga nan ya daina halitta ba. Kai da ni da yayanka duk bayan kwana shidan nan anka halicce mu, jaririn da anka haifa daren jiya cikin garin nan wa ya halicce shi? Allah ne, ta hanyar sababi, daga ɗigon ruwa zuwa gudan jini zuwa tsoka kamar yadda Suratul Mu'minun ta jero, kuma ba wanda yace likitan da ya bayyana wata nawa ƙashi ke fitowa ya ja da Allah. To wanda ya halicci mutum daga abinda ya riga ya halitta mi zai hana shi halittar tauraro daga iska da ƙurar da shi ya halitta? A Suratun Nahli aya ta 8 yace yana halittar abinda baku sani ba, a farkon Faɗir yace yana ƙarawa cikin halitta abinda ya so, a Rahman aya ta 29 yace kullum yana cikin wani sha'ani. Tunanin cewa ya gama ya huta ma shi Suratu Ƙaf aya ta 38 ta kore, inda bayan ambaton kwana shidan yace wata gajiya bata shafe shi ba.

Inda haɗarin yake shine mutum yace gajimaren ne yayi tauraron da kanshi ba mai gudanarwa. Wannan aƙida ce, kuma madubi bai hango ta ba, mutum ne ya ƙara daga zuciyarshi. Nauyin da ke jan ƙurar sababi ne, Allah ya halicci sababin da abinda ya haifar.

Sai maganar sihiri. Hadisin yana nan, Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya ɗebi wani ilimi daga taurari ya ɗebi yanki na sihiri. Amma malamai irin su Khaɗɗabi da Ibn Rajab sun bayyana cewa abinda ake nufi shine da'awar tasiri, wato a ce tauraro kaza ya hau don haka wane zai mutu, auren wance bazai yi albarka ba, kar kayi tafiya ranar kaza. Wannan shine aikin 'yan duba da masu bugun ƙasa, kuma shine abinda yaranmu ke karantawa a waya yanzu wai burujin haihuwa, wanga wata zaka samu kuɗi. Abin mamaki wannan ɗin ba'a cika jin ana ma kowa faɗa akanshi ba, sai ɗalibin da ke auna zafin tauraro. Sanin tafiyar taurari da nisansu da yanayinsu kuwa, ai da shi ake gane alƙibla da lokaci, Allah yace da tauraro suke shiryuwa, kuma a Yunus aya ta 101 umarni ya bayar a duba abinda ke cikin sammai da ƙasa. Maganar Ƙatada da Bukhari ya kawo, cewa an halicci taurari don ado da jifan shaiɗanu da alamun hanya, wanda ya yi wani tawili daban ya yi kuskure, akan masu jingina ma taurari sa'a da shu'umci take.

Ko manomanmu na ƙauye ai suna lissafin damina da manzilolin nan na taurari, Haƙa'a, Hana'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, tsoho yace ma yanzu tauraro kaza muke ciki shuka ta kusa wucewa. Hadisin Zaidu bin Khalid na Hudaibiyya da ke cikin Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim ya tsawatar ma wanda yace anyi muna ruwa saboda tauraro kaza, amma Imam Shafi'i ya bambance, in mutum lokaci yake nufi ba wai tauraron ne ya saukar da ruwan ba to ba kafirci bane.

Akwai kuma masu wuce gona da iri ta ɗaya ɓangaren, su nake so ka kiyaya don sun fi yawa a Facebook. Da sun ga hoton gajimaren sai su ɗora ayar Fussilat ta 11 da ta ce ya nufi sama alhali tana hayaƙi, su ce ga shi kimiyya ta tabbatar. Ayar tana magana ne akan farkon halittar sama, hoton kuma na abinda ke cikin sama ne bayan an halicce ta, kar ka yanke cewa wannan shine wancan. Kuma ka sani ba wanda ya zauna ya kalli tauraro guda tun yana ƙura har ya kama wuta, abin na ɗaukar miliyoyin shekaru, matakai daban-daban sunka gani a taurari daban-daban sunka haɗa labarin. Hujjarsu nada ƙarfi ƙwarai, amma alƙalumman shekaru da nisa suna gyara su lokaci zuwa lokaci, in ka ɗaure aya da wani adadi gobe anka canja shi kai ka jawo ma aya magana.

A jarabawa ka rubuta abinda anka koya ma yadda yake, ba sai ka cika takarda da wa'azi ba, niyyarka ta wadatar. Shi kuma yayanka kar ka yi gardama da shi gaban mutane, ka same shi shi kaɗai da ladabi ka nuna mai ayar Nahli da ta Faɗir, in bai gamsu ba ku tafi wajen malamin da ya yarda da shi ku karanta sharhin hadisin Ibn Abbas tare.

Wallahu a'alam.