Majigin lafiyarsa ƙalau, wurin ajiyarsa ne ba daidai ba

Ka ce ka ɗora majigin a kan kanta, idonsa, wato gilashin da hoto ke fitowa ta cikinsa, saitin tsakiyar allo, da ka kunna sai hoton ya haye sama har silin. Ka sunkuyar da hancinsa, hoton ya sauko amma gindinsa ya fi kansa faɗi. Ka danna kiston, maɓallin da ke daidaita karkataccen hoto, ya miƙe, yanzu kuma rubutu ya yi dishi-dishi, kana tambaya ko na'urar ce ta samu matsala. Lafiyarta ƙalau, ɗana.

Majigin DLP, wato mai aiki da ƙananan madubai, irin na hannunka ba ya jefa hoto saitin idonsa, sama yake cilla shi, kuma da gangan aka yi shi haka. A cikinsa akwai ɗan faranti kamar farcen babban yatsa, shimfiɗe da ƙananan madubai. In mai 1920 da 1080 ne, madubai sama da miliyan 2 ke nan, kowanne ɗigo ɗaya na hoto. Larry Hornbeck na kamfanin Texas Instruments a Amurka ne ya ƙirƙiro shi a 1987. A yawancinsu kowane madubi yana karkata digiri 12, ko nan ko can: ya karkata nan haske ya bi ta ido ya fita, ya karkata can hasken ya faɗa wani baƙin ƙarfe da ke shanye shi. Saboda haka dole hasken fitila ya shigo wa madubai a kaikaice, wajen digiri 24. To a ƙananan majigai, don kada gilasan ido su tare wa hasken nan hanya, sai a gusar da idon daga tsakiyar farantin, a kafe shi a nan. Abin da ke ɗaga hoton ke nan. Ya kuma zo daidai da aiki, tunda a kan tebur hoton zai tsallake teburin, in ka kife shi a silin kuma ya zubo ƙasa.

Ɗauko littafinsa ka nemi inda aka rubuta ofset, wato ma'aunin wannan ɗagawar hoton. A ce ka ga kashi 116 cikin ɗari. Ɗarin tsayin hoton ne, 16 ɗin da ta hau kai ita ce tazarar da ke tsakanin tsakiyar ido da gindin hoto. Allo mai inci 100 daga kusurwa zuwa kusurwa, mai fasalin faɗi 16 tsayi 9, tsayinsa kusan santimita 125 ne, kashi 16 nasa santimita 20. Wato a kan tebur, tsakiyar ido ta zauna santimita 20 ƙasa da gindin allo. A silin, a kife, santimita 20 sama da kan allo. Daga tsakiyar gilashin ido za ka ja tef, ba daga jikin akwatin ba, ba kuma daga silin ba. Ka fara tsayar da nisa da girman hoto tukuna, don hoto na ƙara girma tazarar na ƙaruwa tare da shi.

Amma ka yi hattara, kamfanoni ba bakinsu ɗaya ba. Abin da wannan ya kira 116 wancan 16 zai rubuta, wani ma daga tsakiyar hoto yake fara ƙirga. Na taɓa huda silin ɗin mutane a banza don na yarda da lamba ban dubi zanen da ke gefenta ba. Tun ranar, sai na ajiye majigi a ƙasa lebur, na haska bango, na auna da hannuna kafin in taɓa abin huji.

Shi kuma kiston, ba gyara ba ne, rufa-rufa ce. Ido ba ya motsi ko kaɗan. Na'urar ce ke matse hoton a kan farantin, ta tsuke ɓangaren da ya yi faɗi, ta kashe madubin da ke gefe. Ɗigon da ya kamata ya zauna kan madubi ɗaya sai a raba shi tsakanin biyu, shi ya sa a fim ba ka cika lura ba, amma ƙananan haruffa da siraran layuka nan da nan suke tona asiri. Kashe fitilar ɗakin ka dubi gefen allon, za ka ga wani toka-tokan haske mai siffar karkataccen hoton na asali yana nan bai tafi ba. Ga shi tunda ka sunkuyar da majigin, sama da ƙasan allo ba nisansu ɗaya da ido ba: ka saita sama ya fito tas, ƙasa ya dushe. Wannan babu maɓallin da zai warkar da shi.

Kada ka haɗa shi da majigin da ke da ɗan abin murɗawa mai gusar da idon kansa sama ko ƙasa. Wancan gilashi ne ke tafiya, ba ɗigon da ke asara, sai dai a ƙananan DLP tafiyar ba ta da yawa, wasu ma babu. Ban ce kiston haramun ba ne. Taron awa biyu da za a naɗe kaya a tafi, danna abinka. Aikin da za a kafe a bari shekaru ne ban yarda ba.

Koma ka mayar da kiston sifili, ka ɗora ma'aunin ruwa a kan majigin har kumfar ta tsaya tsakiya. Kantar nan ba za ta yi ba, ko ta sauko ƙasan allo ko ka kife majigin a sama. In ka gama, auna faɗin hoton sama da ƙasa, sannan tsayinsa hagu da dama, ka kawo mini lambobin huɗu.