Jarkar da ba a zura wa tiyo ba

Ka tambaye ni dalilin da ya sa nake hana ku sauke manja sai an buɗe kowace jarka, alhali ga shi ja wur, mata na rububinsa. Yaro, jan nan da ya burge ka shi ya kamata ya fara ba ka tsoro.

Manja na gaskiya ja ne mai ratsin ruwan lemo. Ka ɗiga a farar takarda, gefensa zai koma rawaya. In ka ga ja kamar jini, ka goga a yatsa ya kama fata ya ƙi fita da sabulu, ka yi zargin rini. Masu algus suna zuba rinin da ake kira Sudan, na masana'antu ne, ba na ci ba, kuma ana danganta shi da cutar daji. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta sha gargaɗi a kansa. Kada ka yarda da abin da kuke kallo a waya, wai a zuba a kofin ruwa a gani. Rinin nan a mai yake narkewa, ruwa ba ya tona shi. Tabbacinsa sai ɗakin gwaji.

Amma abin da ya fi karya 'yan kasuwa shi ne ruwa. Akwai wani bawan Allah a layinmu nan Gombe da ya tara kuɗinsa ya sari jarkoki masu lita 25 a watan Afrilu, lokacin da kaya ke araha a Kudu, da niyyar ajiyewa zuwa ƙarshen shekara. Dillalin ya buɗe masa biyu na bakin mota, ya lasa, zaƙwai. Ya biya. Ashe sauran an dafa su da kwakwar manjan da ta kwana kwanaki a tsibe har ta fara ruɓewa, ba a kuma tafasa man ya tsane ba, sannan aka ƙara ruwa a gindi don jarka ta cika. Ruwa ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya, wanda ya leƙa ta sama ba zai gani ba. Kafin hunturu man ya yi tsami, yana wari, yana kartar maƙogwaro. Mai abinci ɗaya ta saya ta dawo da shi da faɗa, labari ya zaga. Ƙarshenta masu sabulu ya sayar wa a wulaƙance. Dillalin kuwa ya sauya lamba, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin a idonmu aka sauke kayan.

Don haka ka zura tiyo har gindi, ka toshe bakin da yatsa, ka ɗago ka ga me ya biyo. Ka ɗiga cokali ɗaya a kasko mai zafi: in ya yi ta tartsatsi, da ruwa. Ka shinshina jarkar kanta, kada ta kasance ta fetur ko maganin feshi aka wanke. Awo da lissafi ba sai na koya maka ba.

Daskarewar hunturu ba aibi ba ce. Manja yana rabuwa, sama ruwa-ruwa, ƙasa kauri. Ku yaran yanzu sai ku jera jarkoki a rana don su narke da sauri ku koma kan waya. Rana na cinye launin, ta sa shi tsami. A inuwa ake ajiyewa, kan katako, murfi a ɗaure.

Masu cewa manja cuta ne kuwa, ka gaya musu jan nan nasa shi jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido. Sai dai kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, don haka mai hawan jini ko ciwon zuciya ya rage hannu, ya bi maganar likita. Masu ƙona shi har ya yi hayaƙi ya koma fari kafin su zuba albasa, sun ƙone amfanin da suka biya kuɗinsa.

Motar manja daga jihar Kogi za ta iso gobe da safe. Ka zo da tiyo da farar takarda, kuma daga jarkokin tsakiyar mota za ka fara.